Dala 600 da na kai kotun ɗaukaka ƙara

Wata goma sha ɗaya buƙatata na gaban alƙalin kotun tarayya, ba eh ba a'a. Ƙarar tsohon ubangidana na kai kan kuɗin ƙarin lokacin aiki da ya danne mini, kuma ba ni da lauya. Da haƙurina ya ƙare, wani abokina ɗan Zongon Kumasi da muke zaune tare a Bronx ya ce, "Malam, ai akwai mandamus." Takarda ce da ake roƙon babbar kotu ta umarci ƙaramin alƙali ya yi aikin da doka ta ɗora masa.

A Amurka, irin wannan roƙo kan alƙalin gunduma kotun ɗaukaka ƙara ake kai shi, ƙarƙashin ƙa'ida ta 21 ta ƙa'idojin ɗaukaka ƙara na tarayya. Tamu tana dandalin Foley a Manhattan. Ba a wuce kalma 7,800, tawa ko 2,000 ba ta kai ba. Na biya dala 600, na aika wa lauyan ubangidana kwafi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne dole alƙalin ma a ba shi nasa. Na daɗe tsaye gaban akwatin gidan waya, ambulan a hannu, ina tunanin mutumin da zai yanke mini hukunci ne nake kai ƙararsa.

Sai bayan na biya na karanta hukuncin Kotun Ƙoli na 2004 a shari'ar Cheney da kyau. Sharuɗɗa uku ne hukuncin ya gindaya kafin a ba da mandamus, amma na biyun ne ke kayar da mutane: haƙƙinka ya fito fili, babu ja. Jinkirin wata goma sha ɗaya, ashe a wurinsu ba wani abin a zo a gani ba ne.

Ƙarshen Satumba alƙali ya yanke hukunci, rabi nawa rabi nasu. Kotun sama ta ce roƙona ya zama ba shi da amfani, ta rufe shi a layi uku. Na yi ta bugun ƙirji ni na motsa shi, sai wata lauya a ofishin taimakon marasa lauya ta yi dariya. Ta ce tun da aka yi wata dokar tarayya a 1990, duk 31 ga Maris da 30 ga Satumba ake haɗa jerin buƙatun da suka haura wata shida gaban kowane alƙali, a wallafa. Ta tambaye ni ko na taɓa rubuta masa 'yar wasiƙar tuni kafin na haura sama. Ban taɓa ba.