Godiya ga mutanen unguwarmu bayan iskar daren Talata

Assalamu alaikum jama'ar Bagalam da sauran 'yan uwa na Maraɗi.

A madadin mahaifiyarmu Hajiya da dukan gidanmu nake wannan godiya. Duk wanda ya kwana a gari ya ji iskar da ta riga ruwa sauka daren Talata. Ita ta tsage babban reshen bedin ƙofar gidanmu, ya rufta kan wayoyin wuta. Ɗaya ta tsinke ta kwanta cikin ruwan da ya taru a hanya, sauran reshen ya danne su har turken ya karkace. Alhamdu lillahi, ba a rasa rai ba, ba wanda ya ji ciwo.

Bayan Allah, godiyar farko ta Baba ce, mai gadin shagunan bakin titi. Shi ya fara ganin tartsatsi. Dattijon nan ya fito cikin ruwa da tocilarsa, ya tsaya nesa da wayar yana mayar da 'yan kabu-kabu da almajirai baya, har aka kira sallar asuba. Unguwa ta yi duhu, masu wucewa na cewa ai an ɗauke wuta, a bar su su bi. Ya ce ba mai ƙetarawa sai ma'aikata sun zo sun faɗa da bakinsu. Gaskiya na wurinsa. Wutar da aka ɗauke tana dawowa ba sallama, ɗanyen itacen da ya sha ruwa yana ɗaukarta, jiƙaƙƙiyar ƙasar da ke kewaye da wayar ma tana iya kama mutum bai taɓa komai ba. Shi ya sa ake cewa a ja baya kamar mita 10. Baba, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan magabata.

Samarin fadarmu sun iso da sassafe da gatura da adduna, a shirye su sare reshen. Mai unguwa ya ce su dakata, suka dakata. A wurina wannan haƙurin ya fi saran da suka yi daga baya girma, don ba ƙaramin abu ba ne matashi ya zo da niyyar taimako a ce masa ya zauna, ya kuma zauna.

Ƙanena da ke karatu a Montreal ta ƙasar Kanada ya ga hotunan ya kira hankali tashe. Can ƙanƙara ce ke yi musu wannan ɓarna: tana taruwa kan rassa lokacin sanyi har nauyi ya sunkuyar da su kan waya. Ana gargaɗinsu kada wanda ya girgiza reshen ko ya kai masa sanda don kaɗe ƙanƙarar, kamfanin wuta ake kira. Ya ce har yau mutanen wurin na tuna Janairun 1998, da ruwan ƙanƙara ya kayar da manyan turakun ƙarfe, wasu suka yi makonni cikin duhu da sanyi. Muryarsa ta kwantar wa Hajiya da hankali ƙwarai.

Muna godiya ga ma'aikatan kamfanin wuta na NIGELEC da suka katse layin, suka tabbatar ba wuta kafin su ba samari izinin sara, sannan suka miƙe turken suka ɗaura waya cikin laka. Haka 'yan kwana-kwana da suka killace wurin. Maƙwabciyarmu mai firijin hasken rana ta karɓi allurar ciwon sukarin Hajiya ta ajiye, don ba ta jure zafi. Ba mu roƙa ba, ita ta aiko 'yarta. Matan da suka dama kunu suka aiko wa masu aiki, da mai amalanken da ya kwashe rassan ya ƙi karɓar ko dala, Allah ya biya ku.

Wasu sun ba da shawarar a tumɓuke bedin gaba ɗaya. Mun gode, amma a inuwarsa rabin unguwa ke shan iska lokacin bazara. Sassabe za a yi masa. Mai unguwa ya yi magana da ma'aikatan gandun daji da na wuta, za su zo ranar Asabar da hantsi. Duk mai itacen da rassansa suka kusa waya ya sanar da shi kafin Juma'a, a haɗa aikin tun damina ba ta yi nisa ba.

Allah ya tsare mu baki ɗaya, amin.