Godiya ga malamanmu na rediyo

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhamdulillahi, an yi zaɓen shugaban ƙasa ranar 25 ga Fabrairu, an yi na gwamna ranar 18 ga Maris 2023, har azumi ya kama, kuma a ƙauyenmu da ke yankin Bunkure a jihar Kano ko kan yaro ɗaya ba a fasa ba. A madadin dattawa da kwamitin masallacinmu na Juma'a, muna miƙa godiya ga malaman da suke karatu da amsa tambayoyi a tashoshin da muke kamawa, irin su Radio Kano da Freedom da Rahama, da ma'aikatan da suka ba su fili.

Wanda ba ya nan ba zai gane irin zullumin da muka shiga ba. Tudun Wada ba nisa gare ta da mu ba, mun kuma ji yadda aka yi asarar rayuka a can bayan zaɓen farko. Ga wahalar canjin kuɗi ta ƙuntata wa kowa, mutum da kuɗinsa a banki amma na cefane ya gagara. Manyanmu kuwa ba su manta da rikicin bayan zaɓen 2011 ba.

Limaminmu yana iya ƙoƙarinsa, amma huɗuba sau ɗaya ce a mako, kuma ba kowa take riska ba. Rediyo kuwa ta shiga har ɗakin iyayenmu mata, ta bi mai ban ruwan tumatir gona a rataye a reshen darbejiya, ta zauna a teburin mai shayi inda samari suke hira har dare ya raba. Malamai ba su ce a zaɓi wane ko a bar wane ba. Abin da suka yi ta nanatawa shi ne jinin mutum da dukiyarsa da mutuncinsa haramun ne, kamar yadda Manzon Allah (SAW) ya faɗa a Hajjin bankwana, da ayar nan ta Suratul Hujurat mai cewa idan fasiƙi ya zo da labari a bincika. Su sojojin baka da suke sayen fili su yi ta zage-zage, sai dai mu ce Allah ya shirye su.

Amfanin wannan karatu ya fito fili daren Lahadi, ana dakon sakamako. Wani saƙon murya ya yi ta yawo a WhatsApp wai an sauya alƙaluma, har wasu samari suka fara neman gora. Mai unguwa ya fito da rediyonsa ya ajiye a kan dakali, ya ce, "'Ya'yana, jiya me malam ya ce a kan labarin da ba a tabbatar ba? Ku zauna mu ji daga bakin hukumar zaɓe." Suka zauna, masu jar hula da waɗanda ba su da ita, tabarma ɗaya. Washegari aka sanar da nasarar Abba Kabir Yusuf, aka sa dokar hana fita a jihar, kowa ya shige gidansa.

Muna kuma gode wa iyaye mata da suka hana 'ya'yansu karɓar kuɗin bangar siyasa, da 'yan sintirinmu da suka kwana a bakin makarantar firamare.

Roƙonmu ga tashoshin, kada a jira sai wani zaɓen ya ƙarato. A sanya irin wannan nasiha cikin tafsirin azumi, a kuma ƙara lokacin kiran waya, don mu na karkara ba mu cika samun layi ba.

Allah ya saka da alheri, ya karɓi ibadunmu. Amin.