Alhamis a garejin Baba

Ruwa bai zo ba yau ma, sai ɗan ga-ruwa aka kira. Auta ya ƙi shan koko wai ya cika tsami, uwarsa ta ce in ya ga dama ya tafi lakwal da yunwa. Ya sha. Darasina na Alhamis ƙarfe 10 yake ƙarewa, don haka ina fitowa daga aji na hau babur, na kauce wa cunkoson Kasuwar Dole, na nufi wajen Shuɗiya, tsohuwar motata Peugeot 504, da murnata. Tun jiya da dare Baba mai gareji ya aiko yaro ya ce bel ɗin da Yaya ya turo daga Yamai ya yi daidai.

Ya kuwa yi daidai. Na tarar har an ɗaura shi, haƙoransa sun zauna ɗas, an daidaita alamomin famfon injeksiyo da na inji. Baba ya ce in shiga in murza. Na yi bisimilla na murza, ta yi tari, na sake murzawa, sai ga ta ta kama. Jama'a, wanda bai taɓa kwana yana tunanin ƙarfe ba, ba zai gane abin da na ji ba. Yaran gareji suka ɗau sowa, mai shayin ƙofa ya leƙo da ludayi a hannu, wani ɗan kabu-kabu ya tsaya yana ɗaukar mu a waya. Ni kuwa ina zaune a kujerar direba, baki har kunne, ina ta kallon allurar zafi tana hawa a hankali.

Da allurar ta kai tsakiya sai murya ta canja. Hayaƙi baƙi ya fara fita ta salansa, injin ya shiga rawa, na ɗan taka mai, ta yi kamar za ta amsa, sannan ta mutu. Baba bai ce komai ba. Ya sa yaro ya kwance fulogi ɗaya ya miƙa masa, ya kai shi dab da idonsa, ya goga a babban yatsa. Baƙi ƙirin, duk kunkunniya. Daga nan ya tsoma sililin waya a ramin man da ke jikin famfon, ya shafa a bayan hannu ya sansana.

"Esansi ya shiga cikin man," in ji shi. "Kuma tana shan mai kamar har yanzu da sanyi take."

Wannan na biyun na san zancensa. Famfon injeksiyon nan, ƙirar Kugelfischer, ba shi da lantarki a cikinsa, komai da ƙarfe yake lissafawa. Akwai wani ɗan ƙarfe mai kaki a ciki da ruwan lagireto ke ratsawa: in inji na da sanyi sai ya bar famfo ya ƙara mai, in ruwa ya yi zafi kakin ya kumbura, ya tura sanda, man ya ragu. In ya maƙale, mota za ta yi ta shan man asuba har azahar. Na faɗa wa Baba haka da ɗan alfaharina, ya gyaɗa kai kawai, ya ce a kawo mana shayi.

A kan benci, ƙarƙashin dogon yaron nan, ya fara.

"Mushe, in faɗa maka gaskiya ko in faɗa maka abin da kake son ji?"

Na ce, "Haba Baba, gaskiya mana."

"To a sauke injin nan. Dukkansa. A samo na break, doguwar 504 ɗin nan, mai kafireta, irin na Kaduna, lita biyu ne shi ma, a ɗora. Naka a shafe shi da mai, a naɗe a buhu, ka ajiye a zaure kana kallo. Kafin azumi ka kai iyali Mirya ka dawo."

Na yi dariya don na zaci tsokana ce. Da na ga fuskarsa sai na ajiye kofin. Na ce masa ai shi ya fi kowa sanin wannan ba break ba ce, ba kuma taksin Matamaye ba. Kupe ce, mai ƙofa biyu. A Janeba aka fara nuna ta a 1969, kamfanin Pininfarina ya zana ta, a Turin ta Italiya ake buga jikinta sannan a kai Sosho ta Faransa a ɗora inji. Tsakanin tayoyinta na gaba da na baya ya gaza na 504 da muka sani da santimita 19, shi ya sa ko ƙofa ɗaya ta waccan ba ta shiga jikinta, mun kuwa sha wahalar hakan lokacin da muke cire tsatsa. Tawa ta 1972 ce, mai fitilu huɗu a gaba, injin 1971 cc, doki 104, kuma famfon nan ne ke ba ta wannan ƙarfin. Tun 1983 aka daina ƙera irinta. Na ce in an cire mata shi me ya rage? Har na ƙara da cewa da tsohuwar zuma ake magani.

Ya bar ni na gama tas. Baba ba ya katse mutum, wannan ma yana cikin abin da ke ba ni haushi da shi.

"Ka gama karatun?" ya ce. "Duk na ji. To ni ma ka ji nawa. Lokacin da yaran Turawa ke ratso hamada da motocin nan, ta Tamanrasat, su faɗo Asamaka, Arlit, Agadas, su sayar su hau jirgi su koma, ina yaron gareji. Ta hannunmu suka bi. Ka san waɗanda suka rayu? Waɗanda muka taɓa. Mu ɗaga bayanta, mu ƙara mata ƙarfe a ƙasa, mu canja lagireto, mai injeksiyo kuwa in ta fara wannan hayaƙin mu sauke mu sa kafireta. Waɗanda masu su suka ce kada a taɓa, a bar su yadda Bature ya yi, kaji ne suka ƙare da yin ƙwai a ciki. Ita wannan ɗin a ina ka tsince ta?"

Ya san inda na tsince ta. Shi ya je da ni da igiya.

Na ce yanzu zamani ya canja, akwai intanet, akwai masu gyaran famfon nan a Jamus da Faransa, irinsa ne a BMW 2002 tii, ba a rasa kayansa ba. Ya ce to, nawa ne zuwa, nawa ne dawowa, nawa ne duwan? In ya dawo kuma wane mai zan zuba masa? Kafireta in ta sha datti, a bakin hanyar Tanut ma yaro zai kwance ta da sukudireba ya hura da baki a wuce. Wannan kuwa ɗigon ruwa ɗaya daga kwalbar ƴan ruwa-ruwa ya isa ya ci masa fistin. Na ce ba zan taɓa sayen man kwalba ba, a gidan mai kawai, ga matatar SORAZ nan kusa da mu, zan kuma sa mata filta biyu. Ya ce haka kowa ke cewa ranar da tankinsa ke cike.

Akwai abin da na sani na haɗiye: su kansu Peugeot da suka ɗora wa kupe injin V6 a 1974, da kafireta suka fito da ita. Ban ga dalilin ba shi sanda ya dake ni da ita ba. Ashe ma ba ya bukata. Ya tashi, ya buɗe ƙofar Shuɗiya, ya shafa kujerar da tafin hannu.

"Wannan fatar fa, Mushe? Ta Italiya ce?"

Yaran suka fashe da dariya. Kujerun nan dai fatar awaki ce daga majemar Birni, badukunmu ya ɗinka, ni na zaɓi jan launin da kaina, na kuma yi sati ina yi wa mutane baki da ita. Na ce kujera daban, inji daban. Ya ce da me suka bambanta? Na buɗe baki ban sami abin faɗa ba, sai na ce inji ne ran mota. Ya ce a'a, tafiya ce ran mota.

Duk wannan da sauƙi, mun saba irin wannan ja-in-ja ni da shi. Abin da ya biyo baya ne ya hana ni barcin rana.

Duk da musun, ya ce a sauko da famfon a duba. Aka shimfiɗa farin tsumma a kan tiren shayi, aka zuba esansi a gwangwanin madara. Ya kwance kan famfon da kansa, bai yarda yaro ya taɓa ba. Ƙananan bawul guda huɗu, kowanne bai kai kan ɗan yatsa ba, ya jera su bi da bi yadda ya ciro su, don kada na silinda ta ɗaya ya koma ta uku. Yana ɗauka, ya tsoma a gwangwani, ya juya, ya ɗaga wajen haske. A na ukun ne na ga hannunsa yana karkarwa. Wani siririn sifirin ya suɓuce ya faɗa ƙasa, muka durƙusa mu huɗu muna tona rairayi da yatsu, iskar hunturu kuma tana ta watso ƙura a kan tsumman. Ƙaramin yaron ne ya gano shi. Baba ya karɓa, ya hure, ya matso da shi kusa da ido, ya nisanta, ya sake matsowa. Sannan ya miƙa wa yaron jikin famfon ya ce ya karanta masa lambar da ke kan farantin, shi ba ya ganinta.

Bai dube ni ba ya ce, "Ka gani ko? Zan iya tayar maka da shi, in Allah ya so. Wannan karon. Amma bayan ni, wa zai buɗe maka wannan a Damagaram?"

Na ce, "Allah ya ja kwana, Baba, wace irin magana ce wannan."

"Amin. Amma ba amsa ba ce."

Na nuna ƙaramin yaron, na ce ga shi nan da ido da hannu, a koya masa, ni zan riƙa ba shi ɗan wani abu duk wata. Yaron ya sunkuyar da kai. Baba ya ce bayan salla zai bi ƴan'uwansa Jado haƙar zinariya, uwarsa ma ta sani. Sauran kuwa Toyota suka sani da baburan Sin, kuma ba laifinsu ba ne, abin da ke shigowa gareji ke nan, shi ke ba su na tuwo. Wa zai ɓata shekara yana koyon famfon da mota ɗaya tak ke da shi a gari?

Na hau babur na dawo gida ban ko tsaya sayen alkakin da aka aike ni ba. Sai da na koma.

Na kwanta bayan azahar ina ta juyi. Ina jin haushinsa, ina kuma jin haushin cewa ban sami inda ya yi ƙarya ba. Ni dai abin da na sani, ba don in je Mirya na sayi motar nan ba, babur ma yana kai ni. Tun ina yaro nake ganin hoton kupe V6 ɗin da Jean-Pierre Nicolas ya ci tseren Safari na Kenya da ita a 1978, manne a bangon shagon Kawu, rana ta cinye launinsa. So nake in ji yadda waɗanda suka ƙera tawa suka so ta yi ƙara, ko da sau ɗaya ne a hanyar Magarya da sassafe. In an sa mata injin break za ta tafi, na yarda, za ta ma fi ƙarko, amma duk wanda ya buɗe murfin inji zai ga abin da ke cikin kowace tsohuwar taksi. To amma wa zai buɗe? Ni kaɗai. Kuma ni ɗin ne na sa mata fatar akuya ina murna. Na rasa inda zan ja layin, kuma na lura duk inda na ja shi, wajen da ya yi mini daɗi ne.

Sai kuma hannun nan mai karkarwa. Mutumin da ya ɗaga injin da kafaɗa shi da yaro ɗaya ranar da muka kawo ta. Ban san yaushe ya tsufa haka ba, kullum ina wajen amma ƙarfe nake kallo.

La'asar a fada. An yi ta zancen farashin shinkafa, ban sa baki ba. Alhaji ya tambaye ni yaushe za a ɗana Shuɗiya, na ce tana nan tafe.

Wuta ta ɗauke ana kiran magariba, ta dawo bayan isha. Takardun ƴan aji na nan jibge ban taɓa ko ɗaya ba.

Wajen ƙarfe 9 saƙon murya ya shigo daga wata lambar Najeriya. Wani mai kayan mota ne a Ƙofar Ruwa, Kano, yana gaishe ni da ladabi, wai Baba ya ba shi lambata: akwai injin 504 mai kafireta, lafiyayye, an tayar an ji, zai iya ɗoro shi a motar Daura har iyaka. Ya faɗi kuɗin da naira, na juya shi zuwa sefa, na ga bai kai abin da zan kashe a kan aika famfon Turai kawai ba. Wato tun kafin mu zauna a bencin nan tsohon ya riga ya gama shirinsa. Na saurara sau biyu ban amsa ba.

Na kira Baba don in yi masa ƙorafi, kafin in buɗe baki ya ce gobe Juma'a da wuri zai rufe, in zo da sassafe, in kuma taho da buta da ɗan gawayi, za mu dafa ƙarfen nan mai kaki mu ga ko sandarsa na motsi. Mai ɗakina tana jin mu daga tsakar gida. Ta ce in dai butarta ce, ko da wasa kada in taɓa.