Wata huɗu ina ƙera Enterprise a zauren gidanmu

Tun ina yaro hannuna ba ya zama wuri ɗaya. Da karan dawa muke yin mota, mu yanka tsinkakken silifa mu yi taya, gwangwanin madara kuwa ba ya kwana a bola in muna kusa. Girma ya zo, hidima ta zo, na ajiye abin. Sai bara, da na zauna na bi tsohon shirin nan na Amurka, Star Trek, wanda tashar NBC ta fara nunawa ranar 8 ga Satumba 1966, ƙaiƙayin ya dawo mini. Duk sanda kumbon Enterprise ya gifta sai in tsayar da hoton in ƙura masa ido: faifai a gaba, siririn wuya, gangar jiki a ƙasa, sai dogayen injina biyu da aka ɗaga sama a kan 'yan siraran sanduna. Na ce ai wannan bai wuce aikin mako biyu ba. Wata huɗu ya ci mini.

Na farkon da ido na yi shi, ban auna komai ba. Na kifa farantan roba biyu, na samo guntayen bututun ruwa, na liƙe da gam. Da na gama na ja da baya na duba, kowane sashe yana nan amma ba Enterprise ba ne. Faifan ya yi kumburi kamar kwanon tuwo da murfinsa, injinan sun gajarce, wuyan ya yi kauri. A nan na gane cewa kyan kumbon nan a ma'auninsa yake, don haka na koma na nemi lissafi. A cikin labarin, tsawonsa mita 289 ne, faɗin faifan kusan mita 127, kuma mutum 430 yake ɗauka. Ke nan in faifaina ya zama santimita 30, dukan kumbon zai kai 68, kowane inji kuma wajen 36. Injinan sun fi faifan tsawo, abin da idona bai taɓa faɗa mini ba. Na zana komai a kan takardar buhun siminti, ta gefe da ta sama, kafin in sake taɓa wuƙa.

Faifan shi ya fara ba ni wuya. Bakinsa siriri ne kuma a karkace yake, ƙasansa yana ɗan lotsawa ciki kafin ya sake tasowa a tsakiya. Babu farantin da ke da wannan siffa a kasuwa, na zagaya. Kafinta ya yanko mini falankin katako a kewaye, na riƙa ɗora kwali zobe-zobe, kowane ya fi na ƙasansa ƙanƙanta, sannan na shafe da filar da masu gyaran jikin mota ke cike lotsa da ita. Daga nan sai guga da sanfefa. Mako uku ina guga. Kullum da daddare in haska tocila ta gefe, duk inda inuwa ta nuna tudu ko rami in yi masa alama da fensir, gobe in koma.

Ana cikin haka zuciya ta fara raya mini dabara: me zai hana in liƙa 'yan tarkace a jiki, guntun waya, murfin biro, maɓallin rediyo, ya zama kamar na'urori, su kuma rufe mini aibun gugata? Yawancin kumbunan fina-finan da suka zo daga baya haka suke, jiki duk ƙuraje. Har na fara tara kayan a gwangwani, sai na karanta dalilin wanda ya zana kumbon, Matt Jefferies. Mutumin jirgin sama ne, ya yi aiki a jiragen yaƙi masu jefa bom a Yaƙin Duniya na Biyu. Tunaninsa shi ne, sararin samaniya wuri ne mai kisa, ba mai hankalin da zai sa na'ura a waje ya riƙa tura mutum fita gyara. Komai ya zauna a ciki, jiki ya zama sumul. Gene Roddenberry, mai shirin, shi ma ya gindaya masa sharaɗi: ba ya son ganin roka, ba fiffike, ba wuta na fita ta baya. Da na ji haka na zubar da gwangwanin na koma guga. Sumul ɗin nan ya fi ado tsada, domin ba shi da inda zai ɓoye kuskure.

Amma duk wannan wasa ne a kan abin da sandunan injina suka yi mini. Jefferies ya nisanta injinan daga inda mutane suke ne don yana ganin abin da ke da ƙarfin tura kumbo haka dole yana da haɗari. A sama, inda babu nauyi, siririn sanda ya isa. A zauren gidanmu kuwa ƙasa tana ja. Na yi sandunan da kwali mai kauri ninki uku, na kwanta suna tsaye cak, na tashi na tarar da injin hagu ya sunkuyar da kai. Na sake da katako, suka yi kwana huɗu, zafin rana ya sassauta gam ɗin, duka biyun suka buɗe kamar kaza ta sha ruwan sama. Matsalar ita ce sandan yana riƙe injin ne ta kusa da gaba, sauran tsawon duk yana reto a baya, ga shi kuma a karkace ya fito daga gangar jikin. Nauyi yana murɗa shi ta hanya biyu a lokaci guda.

Na ɗauki abin na kai wa wani dattijo mai walda a bakin titinmu. Ya jujjuya shi, ya ce, "Malam, wannan ai ba aikin gam ba ne. Ka raba su biyu, kowanne yana fama shi kaɗai. Ƙarfe ɗaya za a lanƙwasa ya ratsa cikin gangar, hagu ta riƙe dama, dama ta riƙe hagu."

Na ce, "Baba, ba zai yi nauyi ba?"

Ya ce, "Nauyin da ke tsakiya ba ya kayar da abu. Na baki shi ke kayarwa. Rage wa bututun nan kiba."

Haka aka yi. Ya lanƙwasa mini 'yar faffaɗar ƙarfe kamar bakin gwafa, na tsaga gangar na zaunar da ita, na cire bututun ruwan na naɗa injinan da takarda mai kauri a jikin muciya, suka fito ba nauyi. Har yau ba su motsa ba. Daga baya na gano ba ni kaɗai abin ya sama ba. Ƙaramin samfurin roba da kamfanin AMT ya riƙa sayarwa tun zamanin shirin ya yi suna wajen sunkuyar da injina. Shi kansa babban samfurin da aka ɗauki shirin da shi, mai tsawon ƙafa 11, wanda aka ba gidan tarihin jiragen sama na Smithsonian a Washington a 1974, nauyin injinansa ya yi ta neman buɗa gangar jikinsa ta katako, sai da aka ƙarfafa ta daga ciki kafin a sake baje shi a 2016.

Wani abin da babban samfurin ya koya mini shi ne inda zan ɓoye waya. Gefensa na hagu ba a ƙarasa shi ba, ta nan wayoyin fitilu suke fita, shi ya sa a shirin kusan kullum ta dama ake nuna shi. In ana son ya fuskanci ɗaya ɓangaren, sai a liƙa masa rubutu a juye, a kuma juya hoton. Ni ma ta hagu na fitar da wayar batir, na juya wannan gefen ga bango. Kawunan injinan kuwa ƙwallon tebur na raba biyu, faɗinta santimita 4, ta zauna daram kamar don ita aka yi. Na shafa jan fenti ta ciki na sa ƙananan fitilu. Na asalin har da wasu fukafukai masu juyawa a ciki, shi ya sa hasken yake wasa. Nawa tsaye yake, kuma wannan yana damuna har yanzu.

Fenti ma sai da na yi sau biyu. A allo kumbon fari yake fitowa, na fesa fari, ya zama kamar firji. Ashe toka-toka ne mai ɗan ratsin kore, fitilun ɗaukar hoto ne ke haske shi. Ga hunturu ya shigo, ƙura ta bi ɗanyen fentin ta zauna. Na biyun da asuba na fesa, bayan na yayyafa ruwa a ƙasa, na kifa masa babban kwali har ya bushe. Lambar jikin kumbon, NCC-1701, da hannu na rubuta, ina rubutawa ina gode wa Jefferies, domin da gangan ya guje wa 3 da 6 da 8 da 9, waɗanda ke rikita ido daga nesa. Abin da ya sauƙaƙa wa mai kallo shi ya sauƙaƙa wa burushina.

Da na gama sai na ji ban ƙoshi ba, na shiga kumbon yaƙin Klingon, wato abokan gaban mutanen Enterprise, wanda shi ma Jefferies ne ya zana, ya fito a zango na uku na shirin a 1968. Kwana goma ya ɗauke ni, saboda injinansa a ƙasa suke, a bakin faffaɗan fikafikai, nauyi bai samu abin murɗawa ba sai dogon wuyan, shi ma na zura masa ƙarfe tun farko. Abin da ya burge ni shi ne kayan ginin kusan ɗaya ne da na Enterprise, kai da wuya da jiki da injina biyu, amma an sunkuyar da komai. An ɗauko siffar daga wani faffaɗan kifin teku, ga kan kamar na kububuwa ta taso. Na jera su a kan tebur, ɗan ƙanwata mai shekara shida, wanda bai taɓa ganin shirin ba, ya nuna na Klingon ya ce, "Kawu, wannan ne mugun ko?"

Shi na ba na farkon nan da ya lalace, amma sai da na yi masa aiki. A cikin shirin akwai wani kumbo ɗan'uwan Enterprise mai suna Constellation da aka nuna a ragargaje. Samfurin AMT na kanti suka ɗauko suka lalata, suka sake jera lambobin da ke cikin kwalin ya zama NCC-1017. Na babbake nawa da kyandir, na fasa gefen faifan, na rubuta masa wannan lambar. Irin sunkuyayyen injin nan da ya hana ni barci ya dace da shi sosai.

Yanzu kumbon Romulan, wasu abokan gaban a shirin, shi ne a gabana, wanda Wah Chang, mai ƙera wa shirin kayan aiki, ya ƙera na asalinsa. Jikin ba wahala, na gama shi tun watan jiya. Tsuntsun da aka zana a ƙasan cikinsa, mai buɗaɗɗun fikafikai daga wannan inji zuwa wancan, shi ya tsayar da ni. Na zana shi sau biyar a takarda, fiffiken dama yana fin na hagu faɗi. Ranar Asabar zan kai wa mai rubutun allon shaguna na bakin kasuwa, in ga yadda yake raba abu biyu daidai.