Uwar Garken da Aka Rubuta Tsarinta

A nan Jidda, ƙananan ofisoshi da dama da 'yan'uwanmu Hausawa ke yi wa aikin kwamfuta, irin masu kula da masaukin alhazai da motocin Makka da Madina, da hannu aka haɗa uwar garkensu, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanai da hidimomin ofis. Wani ya saka manhaja bara, wani ya sauya saiti da tsakar dare a lokacin aikin hajji, babu wanda ya rubuta abin da ya yi. Ranar da wanda ya san kanta ya tafi hutu Kano, ko iƙamarsa ta ƙare, sai kowa ya ji tsoron taɓa ta.

Wannan ne ya sa nake ba abokan aikina shawarar NixOS, babbar manhajar tafiyar da kwamfuta ta nau'in Linux, wadda ta samo asali daga Nix, binciken da Eelco Dolstra ya fara a Jami'ar Utrecht a 2003. Maimakon ka riƙa ba na'ura umarni ɗaya bayan ɗaya, sai ka bayyana a fayil ɗin configuration.nix yadda kake son ta kasance: agogonta ya bi lokacin Saudiyya (Asia/Riyadh), OpenSSH na shiga na'ura daga nesa da nginx na gabatar da shafukan intanet su riƙa aiki, ga waɗanda aka yarda su shiga, ga manhajojin da za a girka. Da ka ba da umarnin nixos-rebuild switch, sai ta daidaita kanta da abin da aka rubuta, hidimar da ka goge daga fayil kuwa ta tsaya. Ansible, wata manhajar saita uwar garke da ta fito a 2012, tana da amfani ƙwarai, amma idan ka cire layi daga rubutunta, abin da ta riga ta girka yana nan daram sai ka umarce ta da cire shi.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne kowane sauyi ana ajiye shi daban, tsohon tsari bai ɓace ba. Idan sabon ya kawo matsala a watan Zulhajji, lokacin da ba a da sararin dogon bincike, kana iya zaɓar na jiya tun daga allon farko da ke fitowa in an kunna na'ura.

Sai dai a kula da abu biyu. Fayil ɗin ba ya ɗauke da sunayen alhazai da ke cikin ma'ajiyar bayanai, don haka ajiye kwafinsu wajibi ne. Kuma kada a rubuta kalmar sirri a cikinsa, domin duk mai izinin shiga na'urar yana iya karanta abin da ke /nix/store, inda NixOS ke ajiye manhajoji da saitunan da ta gina daga fayil ɗin.