Tafiya zuwa Newport News, inda ake jifan furoton

Jirgin ƙasan da ke zuwa Newport News yakan ɗan daɗe a tashar Washinton, domin a nan wayoyin lantarki suka ƙare, sai an cire kan jirgin an ɗaura mai shan dizal. Daga nan ya tsallake kogin Potomac ya nausa kudu cikin jihar Bajiniya. A wani ɗan gari mai suna Ashland, layin dogo ya ratsa tsakiyar babban titi, shaguna dama da hagu, har kana iya ganin abin da mutum ke ci ta taga. Sai Richmond, sai Williamsburg, sai dazuzzuka masu ruwa kwance a gindin itatuwa. Tafiyar wajen awa huɗu ce.

Wanda ya tarbe ni tsohon ɗalibina ne. Na koyar da shi fiziks a sakandare, yanzu kuwa yana digiri na uku a wata jami'ar Amurka, amma yawancin zamansa a wannan gari ne saboda aikin bincikensa. Shi ya matsa mini da in daidaita zuwana da ranar da cibiyar Jefferson Lab, inda ake jifan furoton da ilektron (ƙananan ɓarɓashin da ke cikin atom) don a san abin da ke cikin furoton ɗin, ke buɗe ƙofa ga jama'a, ranar da ake kashe injin jifan da ke ƙarƙashin ƙasa a bar kowa ya shiga rami ya ba idonsa abinci. Ya russuna ya karɓi jakata, ya ce, "Malam, sannu da hanya. Gobe sai ka sa takalmi rufaffe, akwai tafiyar ƙasa."

Newport News garin jiragen ruwa ne. A bakin kogin James ake ƙera manyan jiragen yaƙin Amurka masu ɗaukar jiragen sama. Cibiyar da muka nufa tana kan titin Jefferson, cikin shaguna da gidajen abinci, kuma daga waje ba ta da wani kwarjini. Gine-gine ne gajeru, da tankuna, da wasu tuddai uku da ciyawa ta rufe. Da na tambayi abin da tuddan suke, yaron ya ce ai su ne ɗakunan gwaji, A da B da C, an bizne su da ƙasa don ta tare tururin nukiliya. Na huɗun, wato D, yana can ɗaya ƙarshen filin.

Muka sauka ta matattakala kimanin mita 8 ƙarƙashin ƙasa. Ramin dogo ne, zagayensa ya kai kilomita 1.4, miƙaƙƙun hanyoyi biyu da kwana biyu suka haɗa su, shi ya sa ma'aikatan ke kiransa filin tsere. Sunan injin CEBAF. A miƙaƙƙun hanyoyin an jera wasu manyan gangunan ƙarfe baki da baki. Cikin kowace akwai ƙoƙuna na wani ƙarfe mai suna niyobiyam, su ne ke ƙara wa ilektron ƙarfi, ana jiƙa su da ruwan hiliyam har sanyinsu ya kai digiri 271 ƙasa da sifili, wato sun fi sararin samaniya sanyi. A wannan sanyi ƙarfen kusan ba ya yi wa wutar lantarki gardama, don haka ba ya wani zafi, ana iya barin injin yana aiki dare da rana. A kwanar kuma maganaɗisu ne hawa-hawa, tun daga ƙasa har kusa da rufi, kowane hawa da nasa aikin. Ilektron yana zagaya ramin har sau biyar, kowane zagaye ƙarfinsa na ƙaruwa, kuma wanda ya fi ƙarfi ya fi wuyar lanƙwasawa, dole a ware masa tasa hanyar. Duka zagayen biyar ba sa cinye kashi ɗaya cikin 40,000 na daƙiƙa.

A nan na tsaya na yi masa tambayar da ɗalibai suka sha yi mini a aji: me ya sa ilektron? Ya yi dariya ya ce, "Malam, jarrabawa ce?" Amma ya amsa. Ilektron, iya sanin da aka yi masa, ba shi da ciki, ɗigo ne kawai, kuma an san lissafin yadda yake hulɗa da cajin lantarki sani na haƙiƙa. Saboda haka in ka jefi furoton da shi, duk wani abin mamaki da ya fito, daga furoton ya fito. In kuwa furoton biyu ka gwara, tarkacen na su biyu ne, rabewa sai an sha wuya.

Ni yadda nake kwatanta wa yara shi ne a ba ka buhun auduga a ɗinke, a ce ka faɗi abin da ke ciki ba tare da ka farke ba, kuma tsakuwa kaɗai aka ba ka ka yi ta jifa. In auduga ce zalla, tsakuwar za ta nutse ko ta ɗan kauce. In ka ga jefi-jefi wata ta yi tsalle ta koma gefe da ƙarfi, to akwai duwatsu a ɓoye. Da irin wannan jifa Robert Hofstadter ya nuna a jami'ar Stanford, cikin shekarun 1950, cewa furoton ba ɗigo ba ne, yana da faɗi, ya kuma samu kyautar Nobel a 1961. Sannan aka gina injin SLAC mai tsawon kilomita 3.2 a Kalifoniya, aka ƙara ƙarfin jifa. A 1968 sakamako ya fara fitowa: ilektron masu kaucewa da nisa sun fi yadda aka zata yawa, nesa ba kusa ba. Akwai ƙananan abubuwa masu tauri a ciki. Su ne kwak ɗin da Murray Gell-Mann da George Zweig suka kawo a takarda a 1964, waɗanda masana da dama suka ɗauka dabarar lissafi ce kawai. Jerome Friedman da Henry Kendall da Richard Taylor sun karɓi Nobel a 1990 saboda wannan aiki.

To in an riga an gano kwak tun 1968, me ake nema a Bajiniya? Ga shi ma injin nan ba gwarzo ba ne wajen ƙarfi. Da biliyan 4 na ma'aunin ilektron-bolt ya fara a tsakiyar shekarun 1990, aka kai shi 6, sannan aka kammala ɗaga shi zuwa 12 a 2017, alhali SLAC ya kai 20 tun shekarun 1960. Abin da ya fi sauran da shi naci ne. Tsofaffin injuna ambaliya suke yi: su watso ilektron da yawa lokaci guda, su yi shiru, su sake watsowa. In karo da yawa suka auku a ƙiftawa ɗaya, ba ka iya sanin wane ɓarɓashi ne na wane karo. CEBAF kuwa yana sako su ƙanana-ƙanana, sau ɗaruruwan miliyoyi a daƙiƙa, ba yankewa. Ta haka ake iya kama ilektron ɗin da ya kauce tare da abin da ya fizgo daga ciki, a tabbatar karo ɗaya ne ya haife su. A ganina wannan zaɓi ya fi na neman ƙarfi hikima, ko da yake ba ya jawo kanun labarai.

Ɗakin A shi ya fi girgiza ni. Zagayayye ne, faɗinsa ya wuce mita 50, rufinsa ƙubba. A tsakiya wurin ajiye abin da za a jefa, sau da yawa ruwan haidurojin ne cikin ɗan gwangwani, tunda cibiyar atom ɗin haidurojin furoton ɗaya ce tal. Daga nan wasu hannuwa biyu na ƙarfe suka miƙe, kowanne ya kai bene mai hawa da yawa, suna juyawa kan dogo don a tsayar da su a kusurwar da ake so. Dukan wannan ƙarfe don a auna abin da faɗinsa bai kai femtomita biyu ba. Femtomita kuwa sai ka raba milimita ɗaya gida tiriliyan ka ɗauki ɗaya.

Mun saba cewa gani ya kori ji, amma a nan ba wanda ya taɓa ganin furoton, kuma ba mai sa ran gani. Ƙirga ake yi: ilektron nawa suka tafi ta wannan kusurwa, da wane ƙarfi. Yaron ya nuna mini ginin da suke zaman ƙirgar a saman ɗakunan, awa takwas-takwas, har da kwanan zaune. Ya ce aikin dare duba allo ne da rubuta rahoto, sai in ƙararrawa ta yi kuka ka kira masu kula da injin.

A wannan ɗaki aka yi gwajin da ya fi burge ni, mai suna PREX. Cibiyar atom ɗin dalma mai lamba 208 tana da furoton 82 da nutron 126. Tunda nutron sun fi yawa, ana zaton rarar tana taruwa a waje ta zama fata. Matsalar ita ce nutron ba shi da caji, ilektron kusan ba ya jin sa ta hanyar lantarki. Sai aka bi ta wani ƙarfi na daban, wanda masana ke kira rarrauna, shi kuwa ya fi jin nutron, kuma yana bambanta ilektron mai juyin dama da mai juyin hagu, don ilektron yana da wani juyi a kansa kamar katantanwa. Aka matse ɗan fallen dalma tsakanin fallayen daiman biyu don su janye zafi kada ya narke, aka yi ta sauya juyin ilektron ana ƙirgawa. Bambancin da aka samu 550 ne cikin biliyan ɗaya. Daga wannan ɗan bambanci aka fitar da kaurin fatar a 2021, kimanin femtomita 0.28. Masu nazarin taurarin nutron, waɗanda faɗinsu bai fi na babban birni ba amma sun fi rana nauyi, suka yi caa a kan lambar, domin matsin da ke tura fatar waje shi ne ke riƙe da tauraron. Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Da aka maimaita gwajin da kalsiyam mai lamba 48, fatar ta fito siririya, wajen 0.12, kuma lissafin da zai gamsar da lambobin biyu lokaci guda yana ba masana wahala.

Ɗakin B na'ura ɗaya ce ƙatuwa mai suna CLAS12, wadda ta kewaye wurin karon don kama ɓarɓashi ta kusurwoyi da yawa. Da bayanan magabaciyarta ne masana uku, ciki har da Latifa Elouadrhiri 'yar asalin Maroko, suka fitar da ƙiyasin matsin da ke tsakiyar furoton a 2018, suka ce ya ninka na cikin tauraron nutron wajen sau goma. A nan ne kuma aka sake auna girman furoton. An daɗe ana riƙe da femtomita 0.88 daga tsakiyarsa zuwa gefe. A 2010 wasu masana a Siwizalan suka maye gurbin ilektron ɗin haidurojin da miyuwon, ɗan uwansa mai ninkinsa nauyi sau 207, suka samu 0.84. Kashi 4 cikin ɗari ne bambancin, amma ya tayar da ƙura shekara da shekaru. Gwajin PRad ya ɗauki bayanai a wannan ɗaki a 2016, ya feso iskar haidurojin tsirara ba tare da gwangwani ba, ya auna ilektron masu ɗan kaucewa ƙwarai, ya fitar da 0.831 a 2019. Wato ya goyi bayan ƙaramar lambar.

Ɗakin D muka leƙa a gurguje, ƙafafuna sun fara ƙorafi. A can ilektron ake ratsawa ta siririn daiman ya fitar da haske mai ƙarfi, da hasken ake jifa, ana neman sanin halin gulwon, abin da ke ɗaure kwak da juna. Wani matashi da ke tsaye yana yi wa baƙi bayani ya ce in aka haɗa nauyin kwak ukun da ke cikin furoton, bai fi kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa ba, ragowar daga motsinsu da ƙarfin gulwon yake fitowa. Wata tsohuwa ta tambaye shi ko hakan na nufin nauyin jikinta ma haka yake. Ya ce ƙwarai kuwa. Ta ce to likitanta bai taɓa gaya mata ba.

Da la'asar yaron ya kai ni Fort Monroe a garin Hampton, 'yar tafiya kaɗan a mota. A wannan gaɓa ce jirgi ya sauke 'yan Afirka ashirin da 'yan kai a watan Agustan 1619, waɗanda aka kamo daga yankin Angola, aka sayar da su. Thomas Jefferson da aka sa wa cibiyar sunansa a 1996, shi kansa ya mallaki bayi fiye da 600 a rayuwarsa. Masu cibiyar son kimiyyarsa suka duba. Ni dai da na tsaya a bakin ruwan, ɗaya lissafin ne ya fi zo mini.

Muka ci kifi a wani ɗan gidan abinci, hira ta koma kan gaba. A watan Janairun 2020 gwamnatin Amurka ta zaɓi cibiyar Brookhaven a jihar Nuyok don gina sabon inji da zai gwara ilektron da furoton gaba da gaba, maimakon jifan abin da ke tsaye, kuma Jefferson Lab na cikin masu ginin. Injin HERA na Hambug a Jamus ya yi irin wannan daga 1992 zuwa 2007, amma sabon zai haɗa har da manyan cibiyoyin atom, kuma za a iya saita juyin furoton ɗin. Ya ce can yake hange in Allah ya yarda.

Sai na isar da saƙon da aka ba ni tun daga gida. Na ce mahaifiyarsa na tambaya yaushe zai gama, don akwai maganar aure da ke jira. Ya ajiye cokali ya ce an gama ɗaukar bayanan gwajinsu, saura tantancewa, kuma in tuna PRad ma shekara uku ta ɗauka tsakanin ƙirga da sakamako.

"Malam, don Allah kar ka ba Hajiya wata rana," in ji shi. "Ka ce mata dai ana kan lissafi."