Abin da shuɗin tabo a bayan ɓera ya koya mini

Cikin ayyukan da na koya a ɗakin gwaje-gwajen lafiyar dabbobi, gwajin fata ne ya fi cin haƙuri. Za a aske bayan lafiyayyen ɓera, a sirka ruwan jinin wani ɓeran da ya kamu da tsutsar ciki mataki-mataki, a yi allurarsa cikin fata a wurare daban-daban. Sai jira na kwana 2 ko 3. Daga nan a haɗa ruwan jikin tsutsar da shuɗin rini na Evans, a zura ta jijiyar wutsiya. Duk inda sinadarin garkuwar jiki IgE ya riga ya manne wa ƙwayoyin garkuwar jiki na cikin fata da ake kira mast, sai su saki sinadarin histamin, ƙananan jijiyoyi su yi yoyo, cikin rabin awa shuɗi ya bayyana. Da irin wannan hanya masaniyar kimiyya Bridget Ogilvie ta nuna a 1964 cewa ɓerayen da suka kamu da tsutsar hanji mai suna Nippostrongylus brasiliensis suna yin wannan sinadari, tun kafin masanin kimiyya Ishizaka da matarsa su gano IgE a 1966.

Shuɗin nan akwai ruɗin ido. Sabon ɗalibi na ganinsa sai ya kama murna, alhali ko muguwar allura tana iya jawo shi. Shi ya sa ba a karanta sakamako sai an duba wurin da aka sa ruwan gishiri kawai, da wurin jinin ɓeran da bai taɓa kamuwa ba. Jiran ma da dalili: akwai wani nau'in IgG, shi ma sinadarin garkuwar jiki ne, da ke kama fata na 'yan awoyi, dole a bari ya gushe. In an ɗumama ruwan jinin a maki 56 na ma'aunin Celsius kafin allura kuma tabon bai fito ba, to IgE ne.

Abin da ya fi zauna mini shi ne iyakar gwajin. Yana nuna jiki ya taɓa karo da tsutsa, amma ba ya cewa tana nan har yanzu, sau da yawa ma ba ya bambance wacce ce. Wannan rikitarwa na cikin abin da ya sa aka yi watsi da gwajin Casoni, wani gwajin fata na gano cutar tsutsa a mutane. Su kuwa dabbobin makiyayanmu da wuya a same su da tsutsa iri ɗaya, saniyar da ke da tsutsar hanta yawanci tana ɗauke da ta hanji. Don haka ni ba na rabuwa da duba kashi a madubin likita, duk da cewa tsutsar hanta kan kai wata 3 kafin ƙwanta ya fara fitowa, a wannan tsakanin kuwa gwajin jini na iya kama ta.